Babi na Shida: Murar Tsuntsaye da Kuɗin Cefane a Ƙasar Gaya

Wanda ya bar birnin Kano ya nufi gabas, ya ƙetare gadar Wudil, ya kama hanyar da ta miƙe zuwa Dutse, ba zai yi wata tafiya mai nisa ba sai ya iske Gaya, tsohon garin nan da masana tarihi ke cewa daga cikinsa ne maƙeran farko suka tashi suka sauka gindin Dala wajen neman tama, har ake kiran zuriyarsu Abagayawa; idan kuwa ya karkata arewa daga nan, sai ya faɗa ƙasar Ajingi, wadda ta yi iyaka da Jihar Jigawa, wadda kuma, ita da Albasu, suke ƙarƙashin masarautar Gaya bisa tsarin da aka yi a shekarar 2024. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, kuma da wuya mutum ya yi sallama a wani gida, ko na mai hali ko na talaka, bai ga kaji suna tono a gindin rumbu ba, ko zabi suna kai da kawowa a bayan danga.

Galibin waɗannan kaji na mata ne, kuma ko kusa bai kamata a raina sha'aninsu ba, domin kaza ita ce asusun matar karkara. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ko sabulu ya ƙare, ko aka yi haihuwa a dangi ana bukatar abin barka, ko baƙo mai daraja ya sauka ba zato, ba rumbun maigida ake fara buɗewa ba, akurki ake leƙawa, a kama ɗaya, a ɗaure mata ƙafafu da tsumma, a miƙa wa yaro ya kai kasuwa, a kuma gargaɗe shi kada ya sallama sai ta kai kuɗi kaza. Akuya dukiya ce mai nauyi, ba a taɓa ta sai babbar lalura ta taso. Kaza kuwa daidai take da ƙananan bukatun nan da ba sa ƙarewa, waɗanda su ne rayuwar yau da kullum.

Amma ƙwan da mai shayi ke soyawa a bakin tasha a Gaya, da wanda ake jerawa a kan teburin mai kanti, ba daga waɗannan akurkai yake fitowa ba. Kazar Hausa ba ta yin ƙwai da yawa, ɗan abin da ta yi kuma an fi so a bar mata ta kwanta a kai. Ƙwan kasuwa na gidajen gona ne, inda ake tara kajin turawa dubbai a rumfa guda, mafi yawansu a kewayen birnin Kano, ƙyanƙyasarsu kuwa galibi daga kudu maso yamma ake kawo ta, musamman wajen Ibadan. In ban da lokacin damina, sa'ad da zabi ke zuba ƙwai har ya yi araha, yara su riƙa yawo da shi dafaffe a faranti, duk sauran shekara ƙwan gidan gona ne ke riƙe da kasuwa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin murar tsuntsaye da hunturu ta fi zuwa, wato daidai lokacin da zabuwa ba ta yin ƙwai, balle ta rufa wa mai cefane asiri.

A cikin watan Janairu na shekarar 2015 ne Ministan Aikin Gona na wancan zamani, Dokta Akinwumi Adesina, ya bayyana wa jama'a cewa murar tsuntsaye ta sake ɓulla a Nijeriya, kuma Jihar Kano ce abin ya fi yi wa muni, inda tsuntsaye fiye da 100,000 suke cikin gonakin da cutar ta shiga, kusan 16,000 daga cikinsu sun riga sun mutu. Da ya zo lissafa ƙananan hukumomin da aka samu cutar, sai ga sunan Gaya tare da Gwale da Kumbotso da Tofa da Ungogo. Huɗun nan duk a birni suke ko a gefensa, Gaya kaɗai ce take can gabas, nesa da cunkoson gidajen gona, kuma wannan kaɗai ya isa hujja a kan cewa annobar ba ta san iyakar birni da ƙauye ba. Kafin ta lafa, cikin shekaru biyu zuwa uku, tsuntsayen da suka mutu da waɗanda aka hallaka a faɗin ƙasar nan sun haura miliyan uku.

Ba wannan ne zuwanta na farko ba. Asalin wannan nau'i, wanda likitoci ke kira H5N1, an fara gano shi ne a jikin dinya a lardin Guwandon na ƙasar Sin a 1996. A shekara mai bi masa ya kama mutum 18 a Honkon, shida suka rasu, hukuma ta sa aka hallaka kajin birnin kaf. A 2005 ya kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Cinhai da ke yammacin Sin, daga nan ya yi ta ratsa ƙasashe yana yin yamma, har ranar 8 ga Fabrairu, 2006, aka tabbatar da shi a gonar Sambawa da ke Jaji cikin Jihar Kaduna, bayan Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom ta aika da samfuri zuwa Faduwa ta ƙasar Italiya. Kaji wajen 40,000 suka mutu a wannan gona, kuma shi ne karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'i a duk nahiyar Afirka. Ba a daɗe ba aka ji ta a Kano, kafin watan ya ƙare kuma ta bayyana a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 ta yi sanadin rasuwar wata budurwa a Legas. Sai bayan an ga ƙarshenta a 2008, ta taɓa jihohi 25 ta ci tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya, sannan hankali ya kwanta, har aka ayyana a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita. Ashe hutun na ɗan lokaci ne.

Mutane sukan ɗora laifin a kan tsuntsayen ƙaura, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin kogin da ya wuce ta Wudil shi ne yake gangarawa ta Ringim zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda agwagin daji daga Turai da Asiya ke sauka kowane hunturu, kuma agwagwa tana iya ɗauke da ƙwayar cutar tana yawonta lafiya lau. Sai dai ni a nawa nazarin, ko da tsuntsun daji ne ya kawo ta bakin ruwa, ɗan Adam ne yake ɗaukarta ya kai ta gida-gida, kuma duk wanda ya tsaya ya lura da yadda ake tijarar kaji zai ga hanyoyin a fili. Ga mai sarin ƙwai, wanda yake tara kiret ɗin kwali a bayan mota, ya shiga wannan gona da su yau, gobe ya shiga waccan, kashin kaji da gashinsu na manne a jikinsu. Ga kashin kajin kansa, wanda ya zama haja mai tsada tun da takin zamani ya fi ƙarfin talaka, ana ɗura shi a buhu daga gidan gona a kai wa masu noman rani, a zube shi a bakin gona inda kajin gari za su zo su tona. Ga kuma falken kaji, wanda yake cin wannan kasuwa yau, gobe ya ci waccan, ranar Juma'a ya faɗa Wudil, da keji a ɗaure a bayan babur, a ciki akwai zakara daga wannan ƙauye, da agwagwa daga wancan, da zabo, da tattabaru, duk suna shan ruwa a gwangwani ɗaya. Abin da bai sayar ba ya koma da shi gida ya kwana da nasa kajin. Sanyin hunturu kuwa yana ƙara wa ƙwayar cutar kwana a cikin kashi da danshi, shi ya sa za ka ga manyan ɓarkewarta a Kano, ta 2006 da ta 2015 da ta 2021, duk a farkon shekara suka faɗo.

Abin da ya ƙara rikita al'amarin a karkara shi ne, mutuwar kaji da hunturu ba baƙon abu ba ce. Tun kaka da kakanni akwai wata annoba, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, da take share akurkai duk shekara idan iska ta kaɗa, kuma alamominta sun yi kama da na murar tsuntsaye ƙwarai: kaza ta takure, ta saki fukafukai, ta daina cin abinci, kai ya kumbura, zanko ya yi duhu, ta yi ta zawo, wata ma a kwana da ita lafiya a wayi gari ta sandare. Ba mai iya rarrabe su da tabbaci sai an kai ɗakin bincike. Saboda haka matar da ta ga kajinta sun fara faɗuwa ba za ta kawo wa ranta cewa wani baƙon abu ne da ya wajaba hukuma ta sani ba. Abin da ta gada shi za ta yi, wato ta kira maigida ko wani yaro ya yi maza ya yanka wadda ta jigata tun ba ta zama mushe ba, sauran masu ɗan kuzari kuma a garzaya da su kasuwa. Ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoron asara ne. Amma ta wannan hanya cutar ke samun abin hawa, kuma wajen yanka da fige da fiɗar ciki ne ɗan Adam ya fi shiga hatsarin kamuwa, alhali naman da ya dahu sosai, da ƙwan da aka soya ya soyu, wuta ta riga ta kashe abin da ke cikinsu.

To, a nan ne maganar farashi ta shigo, kuma ba ta tafiya yadda mutum zai zata da farko. Hankali yana bayar da cewa idan kaji suka mutu kaza za ta yi tsada. Alal haƙiƙa kuwa, abin da ake fara gani shi ne araha, araha ma irin wadda ba ta da albarka. Da zarar labari ya fita a rediyo, masu gidajen gona, don gudun kada cutar ko ma'aikatan hukuma su riga su, sai su yi ta fitar da kaji ko nawa aka taya. Matan ƙauye su ma su turo nasu. Masu saye kuwa tsoro ya kama su, su janye hannu. Haka aka gani a 2006, lokacin da mutane da yawa a birane suka ƙaurace wa kaza da ƙwai baki ɗaya, masu gashin kaji suka rasa ciniki, ƙwai ya taru a gonakin da ko kusa cutar ba ta je ba, har ya riƙa lalacewa. A irin wannan rana yaron da aka aika da kaza zai tsaya a gaban dillali, a taya ta da rabin abin da uwarsa ta ƙayyade masa, ya ce albarka, dillali ya ce, "Yaro, duba bayanka ka gani, yau kaji sun fi masu saye yawa, in ba ka sayar ba ka mayar wa Inna abinta." Yaron ya san in ya mayar da ita mai yiwuwa ba za ta kwana ba, dole ya sallama. A lokaci guda kuma waɗanda suka guje wa kaza suna komawa ga naman shanu da kifi, sai kuɗin waɗannan ya ɗaga, har wanda bai taɓa kiwon ko ɗan tsako ba ya ji abin a cefanensa.

Tsadar ƙwai tana zuwa ne daga baya, bayan tsoro ya gushe, mutane sun dawo suna nema. Gonar da aka hallaka kajinta sai an haƙa rami an binne su, an yi feshin magani, an bar rumfunan fayau na wani lokaci. Sa'an nan mai gonar, in yana da sauran jari, ya yi odar 'yan tsaki. Ɗan tsako kuwa, kome gaggawar mai shi, ba ya fara ƙwai sai ya yi wajen wata biyar yana cin abinci ba ya mayar da ko kwabo. Wanda aka kashe wa kaji a watan Janairu ba zai ɗauki kiret ɗin farko ba sai damina ta sauka, kuma a shekarar 2015 azumin Ramalana a tsakiyar watan Yuni ya kama, wato lokacin da ake bukatar ƙwai a kowane gida don buɗa baki da sahur. Wasu masu gonar kuwa ba sa dawowa har abada, domin bashin banki ya riga ya cinye su. Gari irin Gaya, da yake a ƙarshen layin masu sari yake, shi ne na farko da ƙwai ke yanke wa, shi ne kuma na ƙarshe da yake dawo wa, ga kuɗin mota a kai. Mai shayi ya ƙara wa ƙwai kuɗi, ɗan makaranta da lebura su koma shan shayi da burodi gaya.

Ƙasar Amurka ta nuna wa duniya ƙarshen wannan lissafi. Daga watan Fabrairu na 2022 zuwa farkon 2025 an yi asarar tsuntsaye fiye da miliyan 150 a can, mafi yawansu kajin ƙwai, har dozin ɗin ƙwai, wato guda goma sha biyu, ya haura dala shida a watan Maris na 2025, abin da ba a taɓa gani ba, wasu kantuna ma suka ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya. Bambancinsu da mu shi ne, su mai saye ne ya fi jin jiki, domin gwamnati tana biyan masu gona diyya bisa tsari sananne. Mu kuwa mai kiwo ne ke fara kwana a ciki, sa'an nan mai saye ya biyo baya.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa tsadar ƙwai da kaji da ake fama da ita a 'yan shekarun nan ba murar tsuntsaye ce babban sababinta ba. Abinci shi ne yake cin wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kiwon kaji, abincin kuwa masara ce da waken soya, saboda haka farashin buhu a kasuwar Dawanau ya fi kowace cuta iko a kan farashin kiret. Ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya sa ƙwai ya yi kwantai a gonaki, ga cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar, wanda ya ninka kuɗin dako. Annoba tana faɗawa ne a kan sana'ar da ta riga ta galabaita, shi ya sa ɓarnarta ke wuce adadin kajin da ta kashe.

Abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai shi ne maganar diyya, domin a ganina ita ce ƙashin bayan al'amarin duka. Manufar gwamnatin Nijeriya tun 2006 ita ce a hallaka duk garken da cutar ta shiga, ba a yarda da yi wa kaji allurar rigakafinta ba. Wannan hanya kuwa ba ta aiki sai mai kaji ya kai rahoto da kansa tun da wuri, shi kuma ba zai kai ba sai ya tabbata ba kansa zai yanka ba. A 2006 Naira 250 aka yanka wa kowace kaza, abin da bai kai kuɗin kaza mai ƙwai ba ko kusa, sai daga baya, da Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 don yaƙi da cutar, aka gyara ƙimar. A 2015 aka ce Naira 1,450, wanda ya fi kusa da gaskiya, amma masu gonaki da yawa, ta bakin ƙungiyarsu ta masu kiwon kaji, sun daɗe suna kuka cewa kuɗin bai iso hannunsu ba. Sa'an nan diyyar ta kajin da ma'aikata suka hallaka da hannunsu ce, ban da waɗanda suka mutu kafin su iso. Duk wanda ya ga maƙwabcinsa ya faɗi gaskiya ya tsiyace, ranar da abin ya zo kansa da dare zai kira masu sari. Matar Ajingi mai kaji goma kuwa, wadda ba ta da rajista, ba ta cikin wata ƙungiya, ba ta ma san ofishin da ake zuwa ba, ita ba ta cikin lissafin tun asali.

Shari'armu ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Gaya kamar yadda ake karanta su a Kano, sun haɗu a kan haramcin algus da ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya gano yana da aibi. Kaza mai ɗauke da annoba kuwa aibinta ya wuce kan mai saye, ya shafi duk wani akurki da ke unguwarsu. Haka nan hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, da hana fita daga cikinta, sunna ce tabbatacciya, kuma da ita Sayyidina Umar ya yi aiki sa'ad da ya juya daga hanyar Sham a zamanin annobar Amwas, bai ga cewa yin haka ya saɓa wa tawakkali ba. Amma waɗannan malamai dai su ne suka koyar da cewa idan maslahar jama'a ta sa aka karɓe dukiyar mutum, to haƙƙinsa yana wuyan baitulmali. Ba daidai ba ne a hau mumbari a yi wa talaka wa'azin amana a kan kazarsa, alhali ba a cika masa alkawarin da aka yi masa a kanta ba. Wajiban biyu tare suke tafiya, kuma na hukuma ya fi nauyi, domin ita ce mai iko.

A ƙarshen shekarar 2024 wani saurayi a ƙaramar hukumar Gwale ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza ya haɗa ta da tsuntsayensa na gida, cikin ɗan lokaci fiye da talatin suka mutu. Da ya kai gawar asibitin dabbobi aka yi bincike, a watan Janairu na 2025 hukumomin Jihar Kano suka tabbatar da cewa murar tsuntsaye ce. Abin lura a wannan labari shi ne an san shi ne kawai saboda mai tsuntsayen ya kai kansa, kuma yana zaune ne a inda asibitin dabbobi yake kusa. A karkara kuwa, kamar Toranke ko Kademi, inda malamin dabbobi ɗaya ke duba garuruwa masu yawa, hanyar da ta fi kusa ita ce wadda jama'a suka riga suka saba da ita: mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kira sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, kamar dai yadda sarakuna suka tsaya a kan rigakafin shan inna har aka ga bayansa a 2020. Abin da ya rage shi ne ranar da ma'aikata suka zo hallaka kaji su zo da kuɗin a hannu, a ƙirga a gaban dagaci, har da waɗanda suka mutu bayan an kai rahoto, a rubuta sunan matar da take da su, ba sunan maigidanta ba, a biya ta kafin a rufe ramin.